Jirgin Koyo Ba Ya Zaɓen Fasinja

Ran 28 ga watan Yuli na shekarar 1912 da ɗari, wato 2012, wani ɗan Nijar mai suna Hamadu Jibo Isaka ya shiga tseren tuƙin jirgi na mutum ɗaya a wasannin Olimpik na birnin Landan. Shekarunsa 35, kuma horon da ya samu bai wuce na wata uku ba. Tsawon fagen mita 2000 ne. Ya kai ƙarshe cikin minti 8 da ƴan daƙiƙoƙi, fiye da minti ɗaya da rabi bayan wanda ya zo na farko. Ƴan kallo sun tashi tsaye suna yi masa tafi, wasu masana kuma suka ce bai kamata a bar shi ya shiga ba. Mu dai a ganinmu babu abin kunya a kan Isaka, ya yi iyakacin ƙoƙarinsa da abin da aka ba shi. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: ƙasar da kogin Isa ya ratsa har tsawon kilomita 550, ina yaranta suke lokacin da ake neman wanda za a aika?

Amsar tana hannun mai horaswa, wanda za a danƙa wa yara sabbin shiga. A kansa za mu yi magana.

Mun san al'adar masu horaswa a wasanni da yawa. Ranar farko sai a jera yara, a duba dogaye da masu faɗin ƙirji, a ce wa sauran su koma gida. Ƴan mata ba a ma kira su ba, balle gurgu ko makaho. Wannan hanya ba ta da kyau ko'ina, amma a tuƙin jirgi ɓata ce ƙwarai. Yaro ɗan shekara 12 bai gama girma ba, babu wanda zai iya faɗin yadda jikinsa zai zama nan da shekara biyar. Ban da haka, wanda ya zaɓi ƙarfi tun ranar farko bai fahimci yadda jirgin yake tafiya ba.

Bari mu bayyana, domin wannan tuƙi ya bambanta da na kwale-kwalen da muka saba gani a bakin kogi. A kwale-kwale matuƙi yana fuskantar gaba, filafilinsa kuma sake yake a hannu. A jirgin tsere matuƙi yana juya baya ga inda ya nufa, filafilin yana maƙale a gefen jirgi, kujerar kuma tana zamewa gaba da baya, har ma yawancin ƙarfin daga ƙafafu yake fitowa. Idan mutum huɗu ne ko takwas, dole filafilansu su shiga ruwa lokaci ɗaya, su fita lokaci ɗaya. Ƙato guda da ya riga ƴan'uwansa da ƙiftawar ido yakan karkatar da jirgi, ya rage masa gudu. Yara huɗu marasa ƙarfi da suka haɗa hannu sukan wuce ƙarfafa huɗu da kowa ke tuƙin kansa. Abin da mai horaswa zai fara koyarwa ke nan: sauraro, haƙuri da bin na gabanka. Waɗannan kuwa ba a auna su da tsawon ƙafa.

Shi ya sa jirgin yake da wurin zama ga yaran da sauran wasanni suka kora. Makaho bai rasa kome ba, tunda ko mai ido baya ya juya wa hanya. Ƙarar filafili da motsin jirgi suke gaya masa lokaci, sau da yawa ma ya fi mai ido kiyayewa. Kurma yana kallon bayan na gabansa ya bi, a shirya masa alamun hannu ko tuta. Yaron da cutar shan-inna ta taɓa wa ƙafa, irin waɗanda muke gani kan keken hannu a Yamai da Maraɗi, a kafe masa kujera, a ɗaura masa maɗauri a ƙirji, a sa wa jirgi abin tokarawa dama da hagu don kada ya kife, sai ya yi tuƙi da kafaɗa da dantse. Mai ƙaramin jiki da kaifin hankali shi ya dace da riƙon akalar jirgi da kiran tuƙi, ya zama shugaban waɗanda suka ninka shi nauyi. Ba tausayi ba ne ya kawo wannan magana. Tun wasannin Bejin na 2008 naƙasassu suke tseren jirgi a gasarsu ta duniya, kashi uku gwargwadon gaɓoɓin da mutum yake iya aiki da su, kuma daga 2017 mita 2000 suke yi kamar kowa. Mata kuwa tun wasannin Montireyal na 1976 suka shiga.

Sai dai buɗe ƙofa ga kowa ba ya nufin sakaci, nan ne ma aikin ya fi nauyi. Ruwa ba ya wasa. Kafin yaro ya taɓa filafili sai ya iya iyo, ko ya sa rigar ceto a kowane fita. Mai horaswa na kirki yakan kifar da jirgi da gangan a wuri marar zurfi, ya koya wa yara kada su rabu da jirgin, su riƙe shi har taimako ya zo. Wanda aka ɗaura wa maɗauri sai ya iya kwance shi da hannu ɗaya, ido rufe, kafin a bar shi ya yi nisa da gaɓa. Kogin namu kuma yana da halinsa. Yakan cika ya yi ƙarfi a ƙarshen damina, kamar ambaliyar da ta ci unguwannin Yamai a 2020, ya sake tasowa da sanyi, ya janye da bazara. Akwai dorina. Akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu inda katantanwa take, saboda haka tilas a riƙa kai yaran asibiti ana duba su ana ba su magani. Mai horaswa da ya yi karatu a birni, komin takardunsa, ya je ya gaida Sarkawa, ya tambaye su inda ruwa yake juyawa da inda dorina take kwana. Sun riga shi sanin kogin da ɗaruruwan shekaru.

Akwai kuma abin da ba a rubuta cikin littafin horo ba. Yaron da aka saba yi wa dariya a unguwa ba zai dawo rana ta biyu ba idan aka yi masa tsawa a gaban tsaransa. Gyara ɗaya a kowane fita ya isa: yau riƙon filafili, gobe zama. A riƙa sauya wa yara wuri cikin jirgi, kada a ware naƙasassu a jirginsu su kaɗai kullum, domin warewa cikin gida ɗaya ma warewa ce. Maganar ƴan mata kuwa a wajen uwaye ake gama ta. A je har gida a yi bayani, a sa mace cikin masu horaswa, a keɓe lokaci da tufafin da hankalin uwaye zai kwanta da su. Uban da aka gayyato ya zauna bakin ruwa ya ga yadda ake yi ya fi sauƙin amincewa bisa wanda ya ji labari a kasuwa.

Wani zai ce ƙasar da take neman abinci da magani da azuzuwan lakwal, ina ita ina wasan masu kuɗi? Gaskiya ne jirgin tsere yana da tsada, daga waje ake sayo shi, kuma siririnsa bai ma dace da ɗan koyo ba. Amma iyo, daidaita hannu da ladabin ruwa duk ana koyonsu cikin jirgin katako mai faɗi wanda kafintocinmu za su iya ƙerawa. Isaka kansa da jirgin masunta ya fara. Kuma yaron da ya koyi iyo ya samu abin da zai tsirar da ransa ranar da kwale-kwalen kasuwa ya kife, ko da bai taɓa cin tsere ba. Ba Yamai da Gaya kaɗai ba, tabkin Madarumfa da na Tabalak da na Gidimuni suna iya ɗaukar jirgin koyo a lokacin da suke da ruwa.

Ga magabata masu kula da matasa da wasanni, roƙonmu ɗaya ne, ya shafi ma'aunin da za a auna mai horaswa da shi. Idan kofi kaɗai aka tambaye shi a ƙarshen shekara, to an tura shi ga jera yara da zaɓen dogaye, ba shi da laifi. A tambaye shi yara nawa ya karɓa a watan Oktoba, nawa suka rage a watan Yuni, nawa ne mata a cikinsu, nawa ne naƙasassu, nawa kuma suka zo ba su iya iyo ba suka koma gida sun iya. A rubuta waɗannan lambobi cikin rahoton da ake aika wa minista, a gefen lambobin kokowa da na ƙwallon ƙafa.