KAFIN KU AIKO DA KWAMFUTA GIDA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kujama

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, kwamfuta ta shiga jerin kayan da mazauna Ikko da Badun da Fatakwal ke aikowa gida, kamar yadda a da ake aiko da rediyo da keken ɗinki. A nan Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, kan hanyar Kaduna zuwa Kachia da Kafanchan, yaron da ke da ɗan'uwa a Kudu shi ke samun damar sabawa da na'urar tun kafin ranar jarrabawa. Galibin na'urorin nan kuwa na hannu ne, irin waɗanda ake saye a Computer Village da ke Ikeja.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafin da yake ba Windows 10, watau babbar manhajar da ke tafiyar da mafi yawan waɗannan na'urori, sai dai ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 da ta gaje ta kuma tana neman wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0 da inji na baya-bayan nan, saboda haka yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharaɗi ba. Na'urar za ta ci gaba da aiki, amma kamar gida ne da aka bar toshe ɓarakarsa.

Akwai mafita wadda ba a biyan ko kwabo, ita ce Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, kowa kuma yana da izinin ɗauka, ya gyara, ya raba. A kanta aka gina Android da ke cikin wayoyinmu. Tana da iri-iri, amma biyu suka fi dacewa da sabon shiga: Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004, da Linux Mint ta 2006, wadda fuskarta ta yi kama da Windows, tana kuma tashi a kan na'ura mai RAM giga 2, ko da yake giga 4 ya fi.

Shin mai koyo zai iya? Amsar ta kasu biyu. Wajen amfani babu wata wahala. Tana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu da lissafi, har ma akwai tsarin rubutun Hausa a ciki mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ. Yaron da ya saba da ita ba zai ruɗe a ɗakin jarrabawa ba, domin maɓallai da linzami duk ɗaya ne.

Wajen ɗorawa ne ake gumi. Sai an sauko da fayil mai kusan giga 3, an zuba shi a filas da wata manhaja kamar Rufus, sa'an nan a san maɓallin da ake dannawa in na'ura na tashi, F12 a Dell, F9 a HP. A gari mai ƙarancin wuta da tsadar data, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kuskure ɗaya wajen zaɓi kuma yana iya share duk hotuna da takardun da ke ciki. Wasu na'urorin ma Wi-Fi ɗinsu ba ya kamawa sai an ƙara masa manhaja, alhali sauko da ita na bukatar intanet.

Har wa yau, in shagon buga takardu za ka buɗe wa ƙanenka, ka yi tunani tukuna. CorelDRAW da Photoshop, waɗanda ake zana katin biki da kalanda da su, ba a yi su domin Linux ba.

Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa ita ce ku gama wahalar a inda kuke. Ku sa mai gyara ya fara gwada Linux daga filas ba tare da ya ɗora ba, domin tana ba da wannan dama. A duba Wi-Fi da sauti da kyamara a gabanku. In sun yi, a kwashe abin da ke ciki, a ɗora, a haɗa filas ɗin cikin jaka a aiko da su tare. Aikin sa'a guda a Ikeja zai hutar da yaro zirga-zirga zuwa Kaduna neman mai gyara, ya kuma hutar da aljihunku sayen wata na'urar. Allah Ya ba yaranmu sa'a.