Kwamfuta Tana Hasashe, Ɗakin Gwaji Yana Shaida

A Birnin 6 ga Oktoba, yamma da Alƙahira, akwai cibiyar kimiyya da fasaha mai ɗauke da sunan Ahmad Zuwail, Bamisiren da ya sami kyautar Nobel a kimiyyar sinadarai a shekarar 1999. Zuwail ya yi amfani da walƙiyar hasken leza ya bi diddigin yadda ƙwayoyin zarra suke rabuwa da haɗuwa cikin femtosakan, wato sakan ɗaya a raba shi biliyan, kowane kashi kuma a sake raba shi miliyan. Sai dai a Amurka ya yi wannan aiki, inda kayan gwaji masu tsada suke.

Akwai wata hanya mai rahusa ta nazarin wannan motsi. Ana ba kwamfuta matsayin kowace zarra da ƙarfin da ke janta ko tura ta, ita kuma ta bi dokokin Newton ta lissafta inda zarrar za ta koma bayan femtosakan ɗaya ko biyu, ta yi ta maimaitawa sau miliyoyi. A 1964 Aneesur Rahman ya kwaikwayi motsin zarra 864 na ruwan argon. A 1977 Martin Karplus da abokan aikinsa suka kwaikwayi furotin a karon farko. A 2020 kuwa, hanyar ta taimaka wajen gane yadda ƙayar ƙwayar cutar korona take buɗewa kafin ta kama jikin mutum.

A ganina, wannan ƙofa ce da bai kamata jami'o'inmu na Afirka su yi sake da ita ba. Ɗalibi a Kano ko Zariya, in yana da kwamfuta mai ƙarfi da manhajar kyauta irin GROMACS, zai iya nazarin yadda magani yake kama furotin, ko da jami'arsa ba ta mallaki leza ba.

Amma fa a yi hattara. Lissafin ƙarfin da ake ba kwamfuta kirdado ne; in an ba ta kuskure, kuskure za ta mayar, cikin hoto mai ƙayatarwa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka, duk ɗalibin da ya kammala lissafinsa, wajibi ne jami'arsa ta haɗa shi da masu ɗakin gwaji, a Alƙahira ko a wani wuri, su tabbatar da abin da ya samo kafin a kira shi sakamako.