Kafin Ruwa Ya Sauka, Kowane Gida Ya Tanadi Lambunsa

Duk mai zuwa cefane ya san abin da ke tafe. Da zarar bazara ta kankama, manoman rani na Kura da Kadawa da Garun Malam suka kwashe tumatirin ƙarshe, sai kwando ya gagari talaka a kasuwar 'Yan Kaba. Daga watan Mayu har zuwa Yuli, uwargida kan koma ga busasshen tumatir da na leda, attaruhu kuma a riƙa ƙirga shi ɗai-ɗai. Haka ake yi kowace shekara, kuma kowace shekara mukan yi kamar an shammace mu. A 2016 abin ya wuce misali, lokacin da tsutsar nan da aka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir ta cinye gonaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir.

Maganata a wannan mako ita ce, wani ɓangare na maganin wannan kuka yana tsakar gidanmu, kuma yanzu ne lokacin haɗa shi, ba sai ruwa ya sauka ba. Manomi ba ya jiran hadari kafin ya yi sharar gona ya kai taki. Mai son lambun gida ma cikin zafin bazara zai fara.

Abin da nake kira a kai ba baƙo ba ne. Gidan Bahaushe na da bai rabu da 'yar garka a bayan ɗaki ba. Kabewa da duma na bin danga su haye rufi, zogale na tsaye a jikin darni, rama da yakuwa da kuɓewa na kusa da wajen wanke-wanke. Tsohuwa ba ta aiken yaro kasuwa don ganyen miya, hannu kawai za ta miƙa. Yau mun shafe tsakar gida da siminti tun daga bakin zaure har ƙofar kicin, ba mu bar ko taku ɗaya da ruwan sama zai shiga ƙasa ba. Sakamakon haka gida ya ƙara zafi, ruwa na kwarara waje ya cika lungu, mu kuma muna sayen abin da kakanninmu ke kyauta da shi.

Gwamnatoci sun sha gane haka in wuya ta yi wuya. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa wanda ya nemi gidaje da makarantu su yi shuka. A Nijar, bayan farin 1984, Seyni Kountché ya dage kan noman rani, garake suka yawaita a bakin tafkuna da rijiyoyi. Darasin da ke ciki shi ne, shirin da ya tsaya a bakin hukuma yakan tafi tare da hukumar, wanda ya shiga hannun mutane kuwa shi ke zama.

Na san abin da za a ce. Ɗan haya zai ce ba shi da fili, mai sayen ruwa a wajen 'yan garuwa zai ce na sha ma da ƙyar, mai awaki zai ce ba za su bari ba. Duk gaskiya ne, amma kowanne da mafita. Tsohon buhun shinkafa ko fasasshen bokiti ya isa gona. A huda ƙasansa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a cika shi da ƙasa mai kyau da ɗan yashi da takin awaki ko na kaji. Sharaɗin takin shi ne ya ruɓe sosai, domin ɗanye ƙone shuka yake yi. Shi ya sa ake tara shi tun yanzu ana yayyafa masa ruwa. A ajiye buhun inda zai samu hantsi, ya kuma tsira daga ranar azahar. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya duk su ne abincinsa, ban da mai sabulu ko omo. Ƙwari in sun taso, ga toka, ga jiƙon ganyen darbejiya. Awaki kuwa, ɗan shinge na kara ko tsohon gidan sauro ya raba ku. Ranar da ɗan haya zai tashi, ya ɗauki gonarsa ya sa a mota.

Kada a fara da tumatir, domin ba ya son zafin bazara, ba ya kuma son yawan ruwan damina. A fara da masu haƙuri. Alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, kuma in an yanka ya sake tohowa. Kuɓewa cikin wata biyu ta fara 'ya'ya. Lalo da rama da yakuwa ba su da fitina. Zogale ko reshensa aka dasa yakan kama, in ana datse kansa sai ya yi rassa ya riƙa ba da ganye shekara da shekaru. Kuma kada ruwan farko ya ruɗi kowa. Sau da yawa yakan sauka ya ɗauke na kwanaki, don haka mai buhu ya ci gaba da ban-ruwa har damina ta zauna.

Bayan sauƙin aljihu akwai kwanciyar rai. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu lambunan cikin birni, irin na gefen kogin Jakara a Kano, da ruwan da ya kwaso dattin gari ake shayar da su. Ganyen da ka shuka da hannunka ka san abin da ya sha.

Wani alherin kuma, lambu yakan dawo wa mutum da abincin da ya manta. Yaran birni da yawa ba su taɓa ɗanɗana kwaɗon tafasa ba, ba su san gasaya ko yaɗiya ba, ba su san cewa yakuwar da ake fate da ganyenta ita ce ke ba da zoɓon da ake sha, 'ya'yanta kuma a yi daddawar batso da su. Wannan zoɓon da muke rainawa shi 'yan kasuwa ke tarawa a Maigatari ana lodinsa har Meziko. A Maraɗi da Yamai, dambun zogale abincin fita kunya ne, musamman da azumi, har akwai manoman da zogale ne kaɗai sana'arsu. A Filato, gwaten acca da aka cika da yakuwa da gauta ya isa ya sa mutum ya sake tunani kan abin da yake kira abinci mai daraja. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin tukunyar talaka. Abin da ya raba mu da su raini ne kawai.

A nan ne zancen tafiya ke shigowa, domin a garin wasu ake ganin irin wannan abinci a kuma samo irinsa. In zafin bazara ya hana barci, zuciya takan yi yawo, kuma yawancinmu Dubai ko Istanbul ko Alƙahira take kai mu. Ni tawa ba ta nisa haka. Ina kwaɗayin sammako a kasuwar Farin Gada ta Jos, in ga kabeji da karas da dankalin Turawa ana sauke su da raɓarsu. Ina kwaɗayin hawa tsaunin Mambila, in wuce gonakin shayi na Kakara in isa Gembu, inda mutum ke neman bargo a lokacin da Sakkwato ke tafasa. Ina so in ga Galmi a jihar Tawa, garin da albasarsa ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, in kwatanta ta da ta Aliero. Sama da duka ina marmarin Timiya a cikin duwatsun Azbin, inda Buzaye ke noma lemo da rumman da dabino a tsakiyar hamada da ruwan rijiya. Wanda ya ji labarin Timiya ba zai ƙara cewa gidansa ya yi bushewar da ba za a shuka komai ba.

Tsadar mota tun bayan cire tallafin mai a 2023, da rashin tsaron hanyoyi, sun sa yawancin waɗannan tafiye-tafiye sun tsaya a zuci. Wannan abin baƙin ciki ne, kuma haƙƙi ne a kan masu mulki su mayar mana da hanyoyinmu. Amma kafin nan, duk wanda Allah ya nufa da tafiya, ko ta biki ce ko ta aiki, ya shiga kasuwar garin ya ci abincinsu, ya tambayi yadda ake yi, ya kuma sa iri a cikin tsarabarsa. Ba kowane iri zai karɓi ƙasarmu ba. Abin da ke son sanyin Filato ba lalle ya yi a Katsina ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Don haka ina kira ga magidanta, in za a shafe gida a bar wa ƙasa gefe guda. Ina kira ga iyaye mata su nemo iri a wajen tsofaffi tun suna da shi a ƙulle. Malaman makaranta su ba kowane aji buhunsa, limamai kuma su tuna wa jama'a cewa hadisi ya inganta kan ladan sadaka ga wanda ya yi shuka mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci. Mai karatu, kada ka jira mako mai zuwa. Nemi buhu biyu, tara taki, jiƙa ƙasa. Allah Ya ba mu damina mai albarka.