Kati a Hannun Alƙali, Amana a Hannun Jama'a

Ya ku 'yan'uwa na rassan Matameye, Kantche da Magaria, ku kasa kunne.

A watan Afrilu na 2024, waɗansu mutane a mazaɓar Ganduje ta Dawakin Tofa, can Kano, suka ce sun dakatar da Abdullahi Umar Ganduje daga jam'iyyar APC, alhali shi ne shugabanta na ƙasa a lokacin. Dalilinsu shi ne ƙarar cin hanci da gwamnatin Kano ta shigar a kansa. Uwar jam'iyya ta ce sojan gona ne. Kotun jiha ta tabbatar da dakatarwar, kotun tarayya ta hana, kafin mako ya zagayo kotun jiha ta janye umarninta. Mutum ya koma kujerarsa.

Ba mu ce ya ci ba, ba mu ce bai ci ba. Tambayarmu ɗaya ce: a cikin wannan kai da kawo, wa ya nemi bakin talakan da ya yanki kati da kuɗin gyaɗarsa? Lauyoyi suka yi magana, masu jam'iyya suka zama 'yan kallo.

Mu nan mun san zafin abin. A 1959 gwamnati ta rushe Sawaba ta Djibo Bakary ɗungum, shekara guda bayan ta ce "a'a" ga Faransa. Wane alƙali ya mayar da ita? Ƙofar kotu mai kuɗi take buɗe wa da sauri.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Reshen da ya kori mutum cikin dare, ba takarda, ba shaida, shi ya kira alƙali da bakinsa. Saboda haka:

1. Kada a kori kowa sai an rubuta masa laifinsa.
2. A kira shi gaban taro, a ji ta bakinsa.
3. A ƙirga hannu, sakatare ya rubuta a littafi.
4. Babba da yaro, doka ɗaya.

In kotu ta mayar da wanda muka kora, mu ba shi tabarmarsa, gama mu ba 'yan tawaye ba ne. Amma ranar zaɓen shugabanni, hannunmu namu ne, babu alƙalin da zai ɗaga mana shi.

Jam'iyya ta talakawa ce. Ku karanta, ku miƙa wa na kusa.