Su jirgin Alƙahira, 'ya'yanmu bayan Hilux

Duk wanda ya ce maka kwaɗayi ne ke kai samarin yankinmu Libiya da Aljeriya, tambaye shi rabonsa da shiga gonakin Faskari ko Sabuwa. Yaron da 'yan bindiga suka hana shi noma, taki kuma ya fi ƙarfin aljihun ubansa, wallahi wa'azi kaɗai ba zai tsayar da shi ba.

Ku dubi hanyar da yake bi. Daga Funtuwa ko Malumfashi ya hau mota zuwa Katsina, ya tsallaka ta Jibiya, ya wuce Maraɗi, sai Agadas. In Libiya ya nufa, a loda shi bayan Hilux kamar buhun masara, ƙafafu a waje, ya ƙanƙame sanda don kada ya faɗo, a bi ta Dirku har Sabha. In Aljeriya ce, ta Arlit da Assamaka zai bi zuwa Tamanrasset. Ranar da aka kama shi, a sauke shi cikin rairayi, ya tako kilomita 15 a ƙafa kafin ya ga Assamaka. A 2013 an tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawanci mata da yara, ƙishirwa ce ta kashe su. Tun da Nijar ta soke dokar hana safarar baƙin haure a Nuwamba 2023, motocin a fili suke tashi.

Su kuwa manyan da suka riƙe wa jam'iyyarmu wuya, ɗan ciwo kaɗan sai filin jirgin Malam Aminu Kano, su hau EgyptAir, 'yan sa'o'i suna gaban likita a Alƙahira. Allah ya ba su lafiya, ban ce haramun ba ne. Amma fisabilillahi, fasfo mai shafi 32 ya koma Naira 100,000 tun Satumba 2025, ba a zo maganar biza da tikiti ba. Ɗan manomin Bakori ina zai samo?

Don haka ni dai shawarata ga 'yan ɓangarenmu, kada mu sake karɓar atamfa da taliya mu yi shiru. Duk mai neman tikitin majalisa da ya shigo mazaɓarku, ku tsayar da shi. An buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa a 2024: matasa nawa ke cin abinci a cikinta yau, kuma me zai yi a kai? Ku nemi amsa da lamba, a gaban daliget, wani ya ɗauka a waya.