Ilimin Kiwon Kifi Ya Fito Daga Takarda Ya Shiga Tafki

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci a kan masananmu masu binciken abincin kifi da cututtukansa.

A jami'o'i ana auna girman mai bincike ne da yawan takardun da ya buga, da kuma yawan malaman da suka ambaci sunansa a nasu rubutun. To, madalla. Amma mu talakawa ma'auninmu daban ne. Tambayarmu ita ce: tafki nawa iliminsa ya ceto, gida nawa ya sa wa kifi a miya?

Bari in kawo misali da Dokta Modadugu Gupta, mutumin ƙasar Indiya, wanda aka ba lambar yabo ta Abinci ta Duniya a shekarar 2005. Wannan bawan Allah ya yi shekaru yana aiki a ƙasar Bangladash. Ya tarar da kududdufai da ramukan gefen hanya cike da ruwa ba mai amfani da su, ga mutane suna fama da yunwa. Sai ya shiga ƙauyuka yana koya wa talakawa, musamman mata, yadda za su zuba 'ya'yan kifi a ciki, su ciyar da su da dusar shinkafa da ciyawa da takin dabbobi, abubuwan da ke zube a gidajensu. Ba su sayo buhun abinci daga Turai ba, amma suka ci, suka sayar. Wannan shi ne bincike mai albarka.

Jama'a, mu ma nan ba mu rasa masana ba. Ga Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa a Sabon Bussa, Jihar Neja, wadda tushenta ke komawa ga aikin binciken tafkin Kainji na shekarar 1968. Ga kuma sassan nazarin kifi a jami'o'inmu. Abin da ya rage shi ne ilimin ya iso ga mai tafki ɗaya a bayan gida, cikin harshen da yake ji.

Duk mai kiwon tarwaɗa ya san abinci ne ke cinye fiye da rabin jarinsa. Shi ya sa da yawa ke haɗa nasu a gida. Amma mutum nawa aka gaya wa cewa ɗanyen waken suya yana ɗauke da sinadarin da ke hana kifi narkar da abinci, sai an soya shi ko an dafa tukuna? Mutum nawa suka san cewa ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna tana da gubar da ke lalata hantar kifi? Dusa zalla kuma ba ta ƙosar da tarwaɗa, domin tana bukatar abinci mai gina jiki sosai, wajen kashi 40 cikin 100 tun tana ƙarama.

Haka batun cuta. Da an ga gyambo a jikin kifi, sai a ruga kemis a sayo kafso na mutane a barbaɗa a ruwa. Alhali sau da yawa asalin matsalar ruwan ne. An cika kifi fiye da kima, an zuba abincin da ya fi ƙarfinsu, ragowar ta ruɓe a ƙasa, ruwan ya ɓaci, ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa. Yawan zuba kafso ba bisa ƙa'ida ba kuwa yana sa ƙwayoyin su saba da magani, har ranar da ɗanka zai kwanta a ba shi irinsa ya ƙi ci. Akwai ma cutar da kafso ba ya taɓa ta sam, kamar wadda masana suka gano a jikin karfasa a shekarar 2014. Rigakafi ya fi magani: canjin ruwa a kan kari, ware manya da ƙanana, da sayen iri daga wurin da aka amince da shi.

Saboda haka ina kira ga masananmu da babbar murya, duk binciken da aka kammala a taƙaita shi da Hausa a 'yar takarda. A kai shi gidajen rediyo, a kai shi taron ƙungiyoyin masu kiwo da ranakun kasuwa. Gwamnatocin jihohi su ɗauki malaman gona da suka san kifi, a ba su babura. Jami'o'i kuma su sa wannan hidima cikin abin da ake dubawa kafin a yi wa malami ƙarin girma.

Mu ma masu kiwo da namu nauyin. Mu rage bin "an ce, an ce", mu riƙa rubuta abin da muka kashe da abin da ya mutu, don in masani ya zo ya samu abin dubawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa masu abin su ji, amin.

Naka,
Mai karatu daga Yawuri, Jihar Kebbi.