RA'AYI: Fargabar shimfiɗa ba ta warkewa da kwalbar bakin kasuwa

Da wuya mutum ya ratsa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a birnin Bauchi bai ji lasifikar masu tallar maganin maza ba. Kasuwarsu tana ci ne saboda wata damuwa da maza ke binnewa a zuci, wato tsoron gazawa a shimfiɗar aure. A ganina, da dama cikin masu sayen nan, musamman matasa da angwaye, lafiyarsu ƙalau, fargaba ce ta yi musu dabaibayi.

Miƙewar gaba tana bukatar jijiyoyin jini su saki, jini ya kwarara. Idan tsoro ya shigo, jiki yakan fitar da sinadarin adiranalin, wanda ke matse jijiyoyin. Magidanci kan gaza sau ɗaya saboda gajiya ko tunanin bashi, washegari ya zo yana sa wa kansa ido, sai tsoron ya haifar da abin da ake tsoro. Tun a 1970 masana biyu a Amurka, William Masters da Virginia Johnson, suka bayyana wannan hali, suka kuma shawarci ma'aurata su jingine saduwa na ɗan lokaci, su koma ga wasa da tausasawa har hankali ya kwanta.

A nan gida kuwa, kunya takan sa namiji ya ce an yi masa asiri, ko ya zargi matarsa, ko ya nufi mai kwalba. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan magungunan ƙarfin maza marasa rajista, kuma akan samu wasu da aka cusa wa sinadarin sildenafil, wanda ke cikin Viagra. Ga mai shan wasu magungunan zuciya, wannan haɗi na iya faɗar da jini har ya kai ga halaka. Tiramadol da wasu ke sha don jinkirta inzali kuwa, ƙarshensa kamu ne da ƙarin rauni.

Ba kowace gazawa ce ta fargaba ba. Ciwon suga, hawan jini da shan taba suna lalata jijiyoyi, kuma raunin gaba kan zama alamar farko ta ciwon zuciya. Wanda ke samun miƙewa da asuba amma ya kasa a gaban iyalinsa, akasari matsalarsa ta tunani ce. Wanda ya rasa gaba ɗaya, ya je a auna jininsa da sugansa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin gari, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Addini ma bai ce a yi gaggawa ba. A mazhabar Malikiyya, alƙali kan ba mijin da ya kasa kusantar matarsa wa'adin shekara guda domin neman magani kafin a yi zancen rabuwa. Idan shari'a ta yi wannan haƙuri, bai dace mace ta yi gori ba, bai kuma dace miji ya yanke wa kansa hukunci a dare ɗaya ba.

Don haka miji ya buɗe baki ya gaya wa matarsa abin da ke damunsa, domin shirunsa kan sa ta zaci ya daina sonta. Malamai masu yi wa angwaye nasiha su sanya wannan batu cikin karatunsu, likitoci kuma su riƙa tambayar majinyata cikin sirri da mutuntawa.